Aljanar da Aka Yi wa Alama

Magariba ta kawo kai a unguwar Yelwa ta Garwa, irin magaribar bazara da iska ke tsayawa cik, ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi. Dija tana tsugunne a bayan ɗakin girki tana ɗauraye bidon.

Bidon ɗin jarka ce shuɗiya mai kauri, mijinta Hashimu ya zo da ita daga kudancin Chadi, inda yake aiki a rijiyoyin mai. Yakan yi wata a can, ya zo gida konje, wato hutun aiki, ya huta. Aikin nasa kuwa, yadda ya sha bayyana mata, ga shi: ana tura ruwa ta rijiya ɗaya don ya kora man zuwa sauran rijiyoyin. To, tunda ba mai ganin cikin ƙasa, sai su sa wa ruwan alama. Wata alamar ba ta da launi, sai na'ura ke gane ta. Wata kuma gari ce ja-ja, da ta taɓa ruwa sai ta rikiɗe kore. Shi Hashimu sai ya riƙa bin rijiyoyin da kwalabe yana ɗibar abin da ke fitowa, a ga wacce ta fara nuna alamar. Ta haka suke sanin hanyar da ruwan ya bi a ɓoye.

A wannan bidon aka taɓa dama garin. Ya ce kar a zuba ruwan sha a ciki. Ita kuwa don tara ruwan wanki take so, saboda famfon unguwar sai ya ga dama yake kawowa.

Ta zuba ruwa ta girgiza, ta leƙa. Ruwan ya yi kore shar, yana ƙyalli kamar idon kyanwa a duhu. Daidai nan ladan ya ɗaga murya, ga tukunya a wuta, sai ta miƙe cikin sauri ta watsa ruwan a lungun da ke tsakanin ɗakin girki da katanga. Ba ta yi bisimilla ba. Ita da take yi wa yara faɗan zubar da ruwa da magariba, ran nan ta manta.

Daga cikin lungun wani ya ja numfashi, irin na wanda aka kwara wa ruwan sanyi a gadon baya. Sai shiru.

Hashimu yana gida hutu a lokacin. Da ya dawo daga masallaci ta gaya masa. Ya yi dariya yana wanke hannu.

"Haba Maman Suwaiba, ba guba ba ce. Ko ƙadangare ba za ta kashe ba."

Kashegari, rana na faɗuwa, dutse na farko ya sauka a kan kwanon ɗaki. Na biyu ya biyo, na uku ya fasa tulu. Maƙwabciyarsu Madeleine, mutuniyar Mokolo mai sayar da wake da ƙosai, ta leƙo ta kan katanga.

"Maman Suwaiba, wa kuka ci wa bashi? Mu nan ko tsakuwa ba ta faɗo ba."

Dija ta ɗauki dutse ɗaya ta miƙa mata. A jikinsa akwai shatin yatsu kore, sirara, tsawonsu ya wuce na mutum. Madeleine ta dubi dutsen, ta yi alamar gicciye, ta sauka daga katangar.

Daga jifa sai wanka. Kullum tsakanin magariba da lisha za a ji ana kwara ruwa a bayan ɗakin girki, ana dirza jiki da soso, ana dirzawa ana kuka ƙasa-ƙasa, kukan tsohuwa. In an je da fitila ba kowa, sai randa ta koma rabi, abin da ya saura ya yi kore, sabulu ya siɗe kamar an yi wankin gida guda. Hashimu ya daina dariya. Yakan zauna a tabarma da carbi, idonsa a ƙasa.

Suna da 'ya ɗaya da ta rage a gabansu, Suwaiba, tana ajin gaba a lise, wato sakandare, yarinya mai surutu da son madubi. Ran nan ta dawo daga ɗebo ruwa, ta tsaya a tsakar gida, ta dubi hannuwanta kamar ba nata ba. Sai ta ce, da wata murya a shaƙe, "Ku daina kallona."

Tun daga lokacin ta shige ɗaki ta rufe taga, ta lulluɓa da bargo a wannan zafi na Garwa. In aka shiga da abinci sai ta juya fuska bango. In ta samu ruwa sai ta kama dirzar damtsenta har fata ta saluɓe. Sun kai ta lopital, wato asibiti, aka ɗebi jini aka auna, aka ce ba a ga komai ba, aka ba ta maganin barci. Ta sha, ba ta yi barcin ba. Tana ta ramewa, awarwaron hannunta yana zamewa har gwiwar hannu. Uwa dai, wanda bai haifa ba ba zai gane ba: Dija ta daina cin abinci ita ma, tana zaune a bakin ƙofa tana sauraren numfashin yarinyar, in ya yi jinkiri sai nata ya tsaya. Da ta goge mata hawaye da farin ƙyalle, ta fito haske ta duba, sai ta ga ƙyallen ya yi kore.

Ta kai wa Hashimu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya buɗe jakar aikinsa ya fiddo wata tocila mai haske shuɗi-shuɗi, wadda suke haska kwalabe da ita, don ko alamar ta yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, wannan hasken sai ya tona ta. Ya jira duhu ya fara shiga, ya kunna a bakin lungun.

Sawaye ne, ko'ina. Ƙanana kamar na yaro, amma yatsun dogaye. Sun fito daga lungun sun kewaye randa, sun kewaye ta har ba a ƙirguwa. Sun je bakin ƙofar gida sun dawo, sun je sun dawo, kamar na wanda aka hana fita. Daga nan suka hau bango, suka bi ta ƙarƙashin kwano, suka sauko ta kan gadon Suwaiba. Hashimu ya haska gefen gadon, ya haska ƙarƙashi, ya haska taga.

"Ta shiga nan," in ji shi. "Ba ta fita ba."

Washegari ya hau babur ya tafi Pitowa ya ɗauko Modibbo Sali, wani dattijo siriri mai ilimi, wanda ba ya yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya sha ruwa, ya sa aka ba shi labari tun daga bidon. Ya je ya tsaya a bakin lungun ya yi sallama, kamar mai shiga gidan mutane. Bayan an idar da magariba ya shiga ɗakin, ya zauna nesa da gadon, ya fara karatu a hankali.

Bargon ya fara motsi. Karatun na tsawo, motsin na ƙaruwa, har gadon ƙarfen ya kama kaɗawa. Sai wata murya ta fasa ihu daga bakin yarinyar, muryar tsohuwa tukuf.

"Ku juya fuskokinku! Ku juya!"

Modibbo ya ce wa iyayen, "Ku dubi ƙasa." Shi ma ya ja gefen rawaninsa ya rufe idanunsa. Ɗakin ya yi tsit. Gadon ya tsaya.

"Ba mai kallonki yanzu," in ji shi. "Wace ce ke?"

"Suna kuma? Ai shi kaɗai ya rage mini a ɓoye, ba zan bayar ba." Ta ja numfashi. "Tun ba a yi gadar Binuwai ba nake lungun nan. Mutanen nan suka zo suka yi gini, ban ce komai ba. Kunama nawa na kora daga ɗakin yarinyar nan tana rarrafe? Sakayyata ke nan, a watsa mini abin da ba ya fita."

"Ba da gangan aka yi ba."

"Na sani. Sanin ya wanke ni? Mu ba mu da komai sai rufin asiri, Modibbo. Na je wurin dangina suka tare hanya. Suka ce duk inda na taka sai sawu, bil'adama za su biyo ni su same su. Jikokina suka jefe ni. Na yi wanka, abin sai daɗa haske yake yi. A jikin yarinyar nan kaɗai ba a ganina. A bar mini ita."

"Ba za a bar miki ba. Kashe ta kike yi."

"To mu raba. Wuni naku, daga magariba nawa."

"Mutum ba gona ba ce."

"To a ba ni uwar. Ita ta watsa."

"Na yarda!" Dija ta faɗa, kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a tabarma. "Wallahi na yarda, Allah gafarta Modibbo, ta fito ta shige ni."

"Yi shiru, 'yata," in ji shi. "Ba a yi musu alkawari da kuka." Ya juya wajen da Hashimu yake, idonsa a rufe. "Malam Hashimu, kai ka san abin nan. Ruwa bai ci shi ba, sabulu bai ci shi ba. Me ke cin sa?"

Hashimu ya ce, "Rana, Modibbo. In ya sha rana sosai yakan koɗe har ya ɓace. Shi ya sa muke ɓoye kwalaben a akwati, kar haske ya taɓa su."

Muryar ta yi wata dariya mai ban tausayi. "Rana! In zauna a fili tsirara, kowa ya zo ya kalla, har kaji?"

"Ba wanda zai kalla," in ji Modibbo. "Za a kewaye lungunki da zana mai tsawo. A cire kwanon da ya yi masa inuwa, a sare reshen darbejiyar, rana ta sauka a kanki tun hantsi. Ba mai leƙawa, ba mai shiga, sai kin ba da izini. Ke kuma ki fita daga jikinta yau, ki rantse da wanda ya halicce mu da ku."

Ana jin baburan titi can nesa, da muryar Madeleine tana kiran 'ya'yanta su shige ɗaki.

"In ido ɗaya ya sauka a kaina," in ji muryar, a hankali, "ko na jariri ne, zan komo cikinta. Kuma ko kai ba za ka fitar da ni ba."

"Mun ji. In kin tsarkaka fa?"

"Zan ka da zanar da kaina."

Ta rantse. Modibbo ya ci gaba da karatu. Suwaiba ta miƙe ta sandare, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, sannan ta zube. Can sai ta ce da muryarta ta da, siririya, "Inna, yunwa nake ji."

Kafin gari ya waye sosai an kafa zana. Daga ranar Dija ta zama mai gadi. Ta ɗaure kaji, ta roƙi Madeleine kar wani yaro ya hau katanga, Madeleine kuwa ta jera ƙaya a kai da hannunta. Baƙi a zaure ake sallamarsu. In rana ta take, Dija takan zauna ta juya wa zanar baya, tana jin nishi daga ciki, nishin tsohuwa da zafi ya dama. Wani lokaci wuyanta har ciwo yake don son waiwaya. Sai ta damƙe gefen zaninta ta ce, ba ta juya ba, "Sannu, Iya. Allah ya ba da sauƙi." Ba a taɓa amsa mata ba, amma nishin yakan lafa.

Suwaiba ta fara cin tuwo, ta fara tsokanar uwarta, ta koma lise da tabo a damtse. Ana gab da saukar ruwan farko, wata azahar da ba iska ko kaɗan, zanar ta kwanta ƙasa a hankali kamar an shimfiɗa ta. Lungun ba komai, sai ƙasa busasshiya. Dija ta yi sujada a tsakar gida.

Hutun da Hashimu ya roƙa a ƙara masa ya ƙare. Tana ninke masa kaya da yamma, shi yana ɗaure takalmin aiki, Suwaiba na waje tana dariya da 'yan Madeleine.

"Baban Suwaiba," in ji ta. "Ni ɗaurayen bidon kawai na watsa. Ku can, nawa kuke zubawa a rijiyar?"

"Duro-duro ne. Ya danganta."

"Har ina yake kaiwa?"

"Nesa ƙwarai. In da hanya ce a miƙe, ya fi daga nan zuwa gada."

Ta riƙe rigar a ƙirjinta, ta daina ninkewa.

"Rana tana kaiwa can ƙarƙashin ƙasar?"

Hashimu bai ɗago kai ba. Igiyar takalmin tana hannunsa, bai ɗaura ba, bai saki ba.