Igiyar Rijiyar Rumfa

Majanya ta fara aiki ranar Talata da hantsi. Doguwar na'ura ce mai wuyan ƙarfe, an kafa ta a bakin babbar rijiyar Birnin Rumfa, inda ruwa ya gudu ƙasa har sai an yi minti goma cikin keji kafin a taɓa laka. Ita ke saukar da mahaƙa, ita ke lissafa iskar da ke cikin tulun da suke shaƙa, ita ke jawo su in lokaci ya yi. Ranar da aka kawo ta aka sallami mutum shida masu riƙon igiya.

Maigidana, Baban Larai, ya shekara talatin yana haƙa. Shi da abokin aikinsa Cindo aka zaɓa su fara shiga. Yana ɗaura takunkumin iska ya hango ni da ƙwaryar fura, ya ce in ajiye masa a inuwa, kada in sha rabi in ce rana ce ta shanye.

Mahaƙa suna da al'ada tun kakanni. In na ƙasa ya ja igiya sau uku, na sama ba ya tambaya, jawo shi kawai yake yi.

Ba a jima sosai ba na ga igiyar kejin tana rawa. Uku, ta tsaya. Uku, ta tsaya. Na je wurin Injiniya Basiru, mai kula da na'urar.

"Yallaɓai, suna kira."

"Iya, girgizar injin haƙa ce. Dubi allo, suna da iskar awa shida."

"Ni ban iya allo ba. Igiya na iya."

Sai da na riƙe rigarsa na ƙi saki, tsofaffin masu riƙon igiya da suka zo kallo suka taso masa, sannan ya kashe Majanya. Da hannu suka murɗo kejin. Cindo ya fito da sauran numfashi, maigidana kuwa gawarsa aka fitar. Baban Larai ya riga ya cire tiyonsa ya bar masa ragowar iskar, don Cindo yana da yara ƙanana. Daga baya Cindo ya gaya mini da takunkumin ya nuna musu iska ta kusa ƙarewa, sun danna maɓallin neman ɗauki da ke jikinsa har yatsa ya gaji, amma Majanya ta gwada kiran da nata lissafin, ta yanke cewa takunkumin ne ya lalace.

Abin da aka gano, na haddace shi saboda yawan ji. Tulun yana da iska mudu ɗari biyu da arba'in. Mutum biyu ne, kowa yana shaƙar mudu uku a minti. Aka rubuta wa na'urorin haka: 240 ÷ 2(3). Takunkumin, ƙirar wata ƙasa, ya fara ninka biyu sau uku ya sami shida, sannan ya raba, ya ce minti arba'in. Majanya, ƙirar wata ƙasar daban, ta bi daga hagu zuwa dama. Ta raba iskar biyu, ta ninka sau uku, ta ce minti ɗari uku da sittin.

Wata bakwai kwamitin bincike yana zama. Masana suka rabu gida biyu, kowa da littafinsa, har wani ya jefi wani da alƙalami. A ƙarshe shugabansu ya ce babu na'urar da ta yi kuskure, kowacce ƙa'idar da aka koya mata ta bi. Ya tambaye ni ko ina da magana.

Na ce, "Yaya za a yi mutum yana ƙara shaƙa, iska tana ƙara yawa?"

Ya ce Majanya ba ta san iska ce ba. Lamba take gani.

Suka nuna mini gyaran a takarda: 240 ÷ (2 × 3). Baka biyu ne aka gusar, ƙanana kamar yankan farce. Na miƙa musu takardarsu.

Ba a dawo da mutum shidan nan ba, Majanya ma tana nan tana aiki. Amma Cindo ya ce ba zai sake sauka ba sai da igiyar rama a ƙugunsa, ya kuma rasa wanda zai zauna masa a sama. Ni nake zama. Kullum da safe in shimfiɗa tabarma a bakin rijiya, in naɗe igiyar a hannu. Injiniya Basiru yakan tsaya ya ce, "Iya, ai an gyara lissafin."

Nakan amsa gaisuwarsa. Ba na sakin igiyar.