Kujerar Baba

Ranar da labarin ya iso mata tana kan keken ɗinki. Baƙuwar lamba ce ta kira, muryar namiji ce.

"Ke ce 'yar dattijon nan mai gyaran agogo? Ki yi haƙuri, ki zo tasha ta ƙarshe."

A tsaye Baba ya cika cikin jirgin ƙasa. Ko wurin faɗuwa bai samu ba, jikin mutane ne ya riƙe shi har aka isa. Tun da aka janye manyan taragai aka zuba ƙananan na cikin gari a doguwar hanya, ba banɗaki, tagogi ba sa buɗuwa, Baba ke tafiya da 'yar kujerarsa mai naɗewa. Ran nan aka ƙwace ta, wai doka ta hana.

Bayan zaman makoki ta shiga ƙungiyar fasinjoji masu neman a dawo da manyan taragai. Wata safiya a tasha wani dogon saurayi mai hular ma'aikata ya tsaya gabanta, kujerar a hannunsa.

"Ni na kira ki. Na nemo ta a sito. Ba ni na karɓa ba, amma kayan aikinmu ɗaya da wanda ya karɓa."

Ta rungume kujerar.

Daga nan duk ranar da za ta saro yadi sai ya tare mata gefen ƙofa inda iska ke ɗan shigowa. Yana ce mata Mai Kujera, tana ce masa Tikiti.

"Mai Kujera, yau ma ba murmushi? Sai na ci ki tara."

"Ci mana. Jirgin naku da ko akuya ba za ta yarda ta shiga ba."

Mama kuwa da ta ji soyayya ta shiga tsakaninsu, sai ta ajiye tsintsiya.

"Mai duba tikiti? Mutanen da suka tsayar da ubanki har ya mutu? Duk kanwar ja ce. Kada ya tako min gida."

Ba a jima ba ta gani da idonta. Jirgi ya cika maƙil, gumi na ɗiga daga rufi, wani yaro na kukan fitsari. Can ta hango Tikiti ya sunkuya ya zare kujera daga ƙarƙashin wata tsohuwa. Ta sauka ba ta waiwaya ba.

Da yamma saƙo ya shigo: "Mai Kujerata, shugabana na tsaye a bayana. Na zaunar da tsohuwar a kujerar ma'aikata, ni na tsaya. Amma na san abin da kika gani, ni ma na tsani hannuna."

Ta mayar masa: "Gobe za a sake sa ka. Jibi ma haka."



Ranar gangami fasinjoji suka zo da kujerunsu, suka zauna a bakin layin dogo, suka ƙi shiga. Har Mama ta zo, ta zauna a kujerar Baba. Jirgin ya tsaya ƙofofi a buɗe, ba kowa ciki, yana huci. Shugaban tasha ya tara ma'aikata ya ce a kwashe kujerun.

Tikiti aka tura farko. Ya tako a hankali har gaban Mama. Mama ta riƙe ƙafar kujerar da hannu biyu.

Sai ya cire hularsa, ya durƙusa, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Mama, ni na riƙe kan Baba ran nan. Ba zan ƙara riƙe na wani ba."

"Tashi, ko ka bar aiki!" in ji shugaban.

Bai tashi ba. Mama ta daɗe tana kallon ƙeyarsa, sannan ta ce, "Matso inuwa, ɗan nan. Rana za ta dafa ka."

Aka kore shi daga aiki. Aka ɗaura aure ba hayaniya, Mama ta haɗa hannayensu ta ce Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya tsare su daga abin da ta gani.

Manyan taragai dai har yau alkawari ake yi. Shi kuma ya samu aiki a wani shagon gyaran injuna can tasha ta ƙarshe, kullum sai ya shiga jirgin nan, ga zafi yana ƙaruwa.

Kowace safiya tana miƙa masa kujerar Baba a bakin ƙofa, ta san sarai wani tsoho zai bai wa. Sannan ta koma kan keke, ta ajiye waya a gefen allura. Ba ta taka keken sai saƙonsa ya shigo: "Na sauka, Mai Kujera."