Jini Ba Fenti Ba Ne

Duk wanda ya san Baba Mai Fenti ya san ba a ja da shi a kan kala. An ce wata rana ya ɗaga kai ya ga bakan-gizo, ya ja tsaki, ya ce koren ya yi ruwa. Ni dai ban je wurin ba, amma wanda ya ba ni labarin ba ya ƙarya sai in ya ga dama.

A gidansa Sanyi take aure. Ba sunanta na yanka ba ne, surukarta Inna ce ta laƙaba mata, don tun da aka kawo ta ba a taɓa jin muryarta ta ƙetare labule ba. Mijinta kuwa Auta ne, ɗan Baba na ƙarshe, mai riƙe masa shago. Soyayya suka yi ta gani-da-faɗa: ya je yi wa shagon ɗinkinta fenti, aikin wuni guda ya ja shi har damina ta wuce, bangon nan ya sha shafi har ɗakin ya fara ƙanƙancewa. Allah ya ba su 'ya mace, 'yar firit da ita, suka riƙa ce mata Ɗigo.

Ran da abin zai faru, da hantsi, Baba yana tsakar gida yana motsa fenti a bokiti, ya ɗaga murya yana neman jikarsa.

"Ina amaryar tawa? Ko yau ma yaji aka yi mini?"

Sanyi ta fito da yarinyar a kafaɗa, wuya ya langaɓe. "Baba, zazzaɓin nan ya ƙi sauka. Duba idonta."

Baba ya goge hannu, ya ja fatar idon Ɗigo ƙasa. Nan take wasa ya bar fuskarsa. "Wannan farin ba na lafiya ba ne. Auta! Kai Auta! Fito da babur!"

A asibiti likita ta ce zazzaɓin cizon sauro ne ya cinye mata jini, sai an ƙara mata, kuma yau. Auta ya naɗe hannun riga tun ba a tambaye shi ba.

"Ku kwashe duka, ku bar mini na komawa gida!"

Aka ɗebi jininsa, aka ɗebi na Sanyi. Can nas ta dawo tana girgiza kai. "Kai rukunin A ne, matarka B, yarinyar kuma O. Mai O ba a sa masa sai O. In aka sa mata naku, jikinta zai tashi ya yaƙe shi, garin gyaran gira a rasa ido. Na ajiyarmu ya ƙare. Ku je ku kwaso 'yan'uwa a gwada."

Auta ya hau babur ya nufi gida a guje. Sanyi ta zauna bakin gado tana riƙe da ɗan hannun Ɗigo, idonta a ƙofa. Rana ta take, ba kowa. Ta kira wayarsa, tana ta ƙara ba a ɗauka. Da ta ga leɓen yarinyar ya koma kamar takarda, sai ta bar wa yayarta da ta zo dubiya jinya, ta tari mota.

Tun daga ƙofar gida ta ji shirun ya yi yawa. A falo ta tarar da su, yayyen miji da matansu, kowa ya yi jugum. Baba na tsakiya, ya jera marafan gwangwani uku a kan tebur, ɗaya da shuɗi, ɗaya da rawaya, ɗaya babu komai.

"Yauwa, gara da kika zo," in ji shi. "Zauna ki ga ilimi."

"Baba, yarinya na can..."

"Na ce zauna!" Ya ɗebo shuɗi, ya ɗebo rawaya, ya cuɗa da tsinke a marfi na uku. "Me ya fito?"

"Kore," in ji 'yan falo baki ɗaya, kamar 'yan aji.

"Kore! Tun ban fi tsayin bokiti ba nake wannan aiki, ban taɓa haɗa shuɗi da rawaya fari ya fito ba. Ɗana A, ke B. A da B, AB ke nan, ko makaho ya sani. To, O ɗin nan daga wane galan ta fito? Babu mai ba da ɗigon jini daga gidan nan sai an gaya mini mai galan!"

Da farko Sanyi ba ta gane ba. Da maganar ta sauka, sai ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa daga ka har ƙafa. Ba Baba ta kalla ba. Auta ta nema, ta same shi a lungu, ya zuba wa babban yatsan ƙafarsa ido kamar yau aka ba shi shi.

"Baban Ɗigo, har da kai?"

"Ni fa ban ce komai ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Sori, Sanyi, ina cikin tenshan ne. Lissafin ne dai ya..."

"Ba ka ce komai ba! Ai shi ne abin da ka yi mini!"

Ta miƙe. Hawaye na zuba, amma ba na rauni ba ne. "Baba, ka gafarce ni, yau zan ɗaga murya a gabanka."

Ta kuwa ɗaga. Masu ba da labari sun ce fentin silin sai da ya ɓare ya zubo, kajin maƙwabta suka daina ƙwai.

"Na shigo gidan nan da mutuncina, na ci abin da aka ba ni, na yi shiru inda ake so da inda ba a so! Yau 'yata na kwance tana neman rai, ku kuna nan kuna wasa da marfin gwangwani! Ku zage ni gobe, ku kore ni jibi, na ji na gani. Amma yau jini nake nema, ba shari'a ba! Wanda ba zai bayar don jika ba, ya bayar don Allah!"

Inna ce ta fara motsi. Ta yafa mayafi, ta tsaya kan mijinta.

"Tashi, Malam. Tunda ka zama likita, mu je ka haɗa kalar a gaban abokan aikinka."

"Zan je!" in ji Baba, yana tattara marafansa. "In je in koya musu aiki!"

Haka suka ɗunguma. Likitar mace ce da gajiya ta gama cinye wa fuska. Ta bar Baba ya shimfiɗa marafansa a teburinta, ya cuɗa, ya fitar da korensa, ya ɗaga mata har hanci. Sannan ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Kai wane rukuni ne?"

"A mana!"

"An taɓa gwada ka?"

"Sai an gwada? Ɗana A, ni uban me zan zama?"

"Miƙo yatsa."

Mutumin da ke hawa tsani hawa uku da galan a kowane hannu, ganin 'yar allura sai ya runtse ido yana salati. Nas ta fita, ta dawo.

"O ne."

"Wa?"

"Kai, Baba."

"Kayan aikinku sun lalace! A sake!"

Aka sake, O ta sake fitowa, ko kunya babu. Leɓen Baba ya fara motsi. Lissafi yake: shi O, ɗansa A. A hankali, kamar ƙofa mai tsatsa, wuyansa ya fara juyawa wajen Inna.

Inna ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu.

"Ƙarasa juyowa, Malam! Kalle ni da idon da ka kalli yarinyar nan, ka ga ikon Allah! Buɗe baki ka tambaye ni galan! Ni da na tsufa ina wanke maka riguna da kananzir har hannuna ya koma kamar bayan kada? Yi magana mana, gwanin kala!"

"Ni ban ce komai ba," in ji Baba, murya kamar ta sauro.

"Gadon gidanku ke nan, daga kai har ɗanka!"

Likita ta buga tebur. Ta sa aka ɗebi na Inna, ya fito A. "To ku saurara, ba ni da lokaci. Baba, jini ba a cuɗa shi. Kowane mutum gado biyu yake ɗauke da shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kowanne yana zamansa daban. In ka yi wa bango farin shafi, ka bi shi da shuɗi, farin ya tafi?"

"Yana nan a ƙasa," Baba ya amsa dole.

"To haka O take. Kai ka ba ɗanka O, Inna ta ba shi A, A ta rufe ta, gwaji ya nuna A. Ita ma matarsa B ce a sama, O na kwance a ƙasa daga nata iyayen. Ranar rabo, shi ya miƙa O ɗinsa, ita ta miƙa tata, yarinya ta fito O. Mai A da mai B suna iya haifar A, ko B, ko AB, ko O, duk halak malak. Galan ɗin da kake nema tun safe, Baba, kai ne."

Auta ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska. Sanyi ko kallonsa ba ta yi ba.

"Likita, a bar surutun nan. Jininsa zai yi mata?"

"In lafiyarsa ta yarda."

Aka auna shi ciki da waje, aka tarar tsohon nan ƙarfe ne. Ya kwanta, aka soka allura, ledar ta fara cika. Da aka ɗaura wa Ɗigo, ya ja kujera ya zauna yana kallon fatar leɓenta, aikin da ya fi kowa iyawa, har farin ya fara juyawa ja-ja. Da la'asar yarinyar ta buɗe ido ta nemi ruwa. Nan Baba ya fashe da kuka kamar yaro, ya juya ga Sanyi.

"'Yata, na ci mutuncinki a gaban 'ya'yana. Ki yafe mini don Allah."

"Na yafe, Baba. Rashin sani ne ya ɗebe ka."

Auta ya matso da sauri, ya ga ana rabo. "Ni ma, Sanyi, don girman Allah..."

"Kai kuma me ya ɗebe ka?" Ta juyo, idanu jajur. "Baba fenti ya sani, bai san ni ba. Kai ka san ni. Ko da duniya ta taru ta ce lissafi bai fita ba, kai ne za ka ce, ‘Ban san lissafi ba, amma na san matata.’ Sai ka tsaya kallon yatsa!"

Da aka sallame su, gidan yayarta ta wuce da 'yarta. Auta ya yi ta sintiri har tayar babur ta sule. Ya kawo atamfa, aka mayar. Ya turo saƙon waya mai tsawo kamar wa'azi, ba a buɗe ba. Ya rame, ya fara haɗa wa mutane kalar da ba su nema ba. Ita ma Sanyi ba daɗi take ji ba, don so bai san zuciya ta yi fushi ba. Takan leƙa ta taga in ya juya, ta share hawaye. Amma ta cije. Ran da ta ga ya yi laushi, ta fito ta tsaya bakin ƙofa.

"Ba na son atamfa. Inda ka yi shiru, nan za ka je ka yi magana."

Auta ya tara gidan kaf a falon nan, yayye da matansu, kowa a inda ya zauna ranar. Ya tsaya tsakiya.

"Ranar nan an zargi matata a gabana, na yi shiru. Ba lissafi ne ya rufe mini baki ba, tsoro ne. Tsoron Baba ya fi mini mutuncin matata, kuma wannan abin kunya nawa ne ni kaɗai. Daga yau, duk mai magana a kanta, da ni zai fara, ko wane ne!"

Ya saci kallon Baba. Baba ya gyaɗa kai. Inna ta ce, "Yau na haihu."

Sanyi tana bakin ƙofa da Ɗigo a hannu, ta ji komai. Ta shigo, ta miƙa masa yarinyar. "Karɓi 'yarka, hannuna ya gaji."

To, samari da 'yan mata, ga abin ɗauka. Gwanintar mutum a sana'arsa ta tsaya a ƙofar shagonsa. Abin da ba ka sani ba, tambayi masu shi kafin ka rushe gida da zargi. Haƙuri kuma ba ya faɗuwa ƙasa banza, Sanyi ta ga ribar nata, amma haƙuri bai hana mutum buɗe baki ranar da rai da mutunci ke kan layi ba. Ku kuma maza, ku riƙe wannan da kyau: ranar da aka taso wa matarka, in ka yi shiru, ka riga ka yi magana.