Kafin a Sauke Tukunyar Kabeji

Ilinca na naɗe niƙaƙƙen nama cikin ganyen kabeji, uwarta Veta na jerawa a tukunya, babu mai kallon wani. Haka gidan nan na birnin Cluj ya koma tun da Costel, magini a birnin Valencia can ƙasar waje, ya nemi auren Ilinca.

"Mama, ɗazu ma ya kira..."

"Ya kira ubansa!" Veta ta doka murfi. "Valencia! Kwana biyu cur a bas! Ranar da ubanki zai cika, yayanki na kan hanyar dawowa daga can yana cin burodi. Maƙwabciya ce ta riƙa masa kyandir, kamar wanda bai haifa ba. Ni ma haka kike so a yi min?"

Idon Ilinca ya ciko. Ta san tsoron ke nan. A al'adarsu babu baƙin cikin da ya kai mutum ya cika ba ɗansa a kusa da zai kunna masa kyandir. Ita kuwa Veta duniya a bas take auna ta, don ta bas take aika wa ɗanta kwalaben miya.

"Haba Mama, a jirgi awa uku ne fa!"

"Ƙarya! Kilomita dubu biyu da ɗoriya? Ƙaryar samari ce, ke kuma kin buɗe baki kin haɗiye!"

Ƙawaye sun sha ce wa Ilinca ta yanki tikiti kawai ta gudu. Ta ƙi. Zagin safe daban, na rana daban, ta shanye.

Wayar Ilinca ta sake ƙara. Veta ta fizge.

"Kai ne ɓarawon 'ya'yan mutane? To saurara! Yanzu na ɗora tukunya, sai yamma zan sauke. Tunda kusa ne, zo ka ci da zafinsa. In ya huce, ka manta da hanyar gidan nan!"

Ta kashe, tana murmushin mugunta. Ilinca ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Rana ta karkata. Veta ta riƙa leƙa tukunya, har da ƙara wuta don ta yi saurin nuna. Ta ɗauko tsumma za ta sauke ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Costel ne, saukarsa ke nan daga jirgi, da ƙurar siminti a takalminsa, yana haki. A hannu ɗaya lemon Valencia ne mai ɗanyen ganye, ko yaushi bai yi ba. A ɗayan kuma kyandir.

"Mama, ajiye wannan," ya ce, yana miƙa mata kyandirin. "Allah ya nisanta ranar. Amma in ta zo, ki kira kawai. Hannun Ilinca ne zai kunna shi, ni zan kawo ta da kaina."

Veta ta murza ganyen lemon, ta shinshina. Ta dubi tukunyar da ke tafasa har yanzu, sai hawaye suka ƙwace mata.

"Kwana biyu na yi ina jiran ɗana..." Ta goge fuska da tsumman, ta daka tsawa. "Ke! Tsayuwa za ki yi? Ɗauko wa ɓarawon nan faranti!"

Da Ilinca ta gudu, da ta sami miji ta rasa uwa. Haƙurinta ya sama mata duka biyun. Sau da yawa faɗan iyaye tsoro ne, kuma mai son 'yar mutane da gaskiya tsoron yake fara kashewa. Veta ta sa kyandirin a ƙasan akwati, can ƙarƙashin kayan auren 'yarta.