Layin Baƙi a Shagon Alhaji Buraima

Ranar da Jibirilla ya fara shiga shagon abincin Alhaji Buraima a unguwar Utaiƙa da ke Riyadh, yana saman tsani yana laluben waya a silin, sai ya ji murya daga ƙasa.

"Malam, in ka faɗo cikin miyata, kai za ka sake dafawa."

Ya leƙo. Muhibba ce, 'yar Alhaji, mai karɓar odar abinci ta waya. A Riyadh aka haife ta, shi ya sa Hausarta ke tafe da Larabci a goye. Bai faɗo ba, amma tun daga ranar hankalinsa bai koma jikinsa ba.

Matsalar da aka kira shi ya gyara a shagon ba ɓoyayya ba ce. An rubuta lambar sirrin waifai ɓaro-ɓaro a bango. Kowa ya hau, ya ba abokinsa, har injin biya da kati ya riƙa tsayawa, kyamarorin shagon kuma duk mai wayo zai iya leƙa su. Jibirilla ya sauya lamba, ya kulle rauta, wato na'urar waifan, ya goge bango. Aiki ya yi kyau. Sai dai rautar nan mai lafiya ƙalau, sau uku a mako yake zuwa duba ta.

"Hasken idona, sabis yana ja?" ya tura mata.

"Yana ja, Injiniya. Kai ne dai ba ka da aikin yi."

Abin da bai sani ba, ba tuwo kaɗai ke kawo mutane shagon ba. Duk Juma'a ma'aikatan Birnin Masana'antu na Biyu sukan cika bencina, suna ci suna kiran matansu a Maraɗi da Damagaram ta bidiyo. Da suka ga an goge bango, babu wanda ya tambayi dalili. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke ƙafa.

A daidai lokacin Jibirilla ya aika a nema masa izinin neman aure. Dalhatu direba, wanda ya daɗe yana son Muhibba, ya riga shi zuwa kunnen Alhaji, ya ce tun da yaron nan ya taɓa waya albarka ta bar shagon.

Alhaji ya ce wa ɗan aike, "Wanda ya raba baƙina da iyalansu, shi zan ba 'ya? Khalas, a bar maganar."

Abin ya yi wa Jibirilla ciwo, don shi dai abin da aka kira shi ya yi ne ya yi. Yana cikin wannan fushin saƙonta ya shigo.

"Baba Harouna mai walda ya zo yau. Matarsa ta haihu a Maraɗi, yana son ganin jaririn. Ya daɗe yana danna waya, kunya ta hana shi tambaya, ya tafi ko ruwa bai sha ba. Wallahi na ji haushinka. Kuma ina sonka, shi ne abin haushin."

Ya karanta sau biyu, fushin ya koma kunya. Ranar Alhamis ya je har masaukin ma'aikata, ya nemo Harouna, ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Washegari bayan an sakko daga masallaci suka shigo shagon tare.

"Baba, ku ba ni rabin awa," Jibirilla ya ce wa Alhaji. "In bai yi ba, ba za ku sake ganina ba."

Jibirilla ya raba layin biyu. Na shago ya bar shi a kulle, da injin kati da kyamarori. Ya buɗe na baƙi daban, wanda ba ya kaiwa ga komai na shago, ya manna lambarsa a kowane tebur.

"Kamar gida ne, Baba. Ga zaure, ga cikin gida."

Harouna ya danna kira. Jariri ya cika fuskar wayar, yana ta hamma. Dattijon ya yi dariya har da hawaye, ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga kai.

"Muhibba, ki zuba musu tuwo. Kai kuma, ka ce wa magabatanka su zo."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. A shagon aka yi walima, bencina suka cika har waje, Dalhatu ma ya zo ya ci rabonsa. Mahaifiyar Jibirilla tana Gusau, ba ta samu biza ba, sai aka jingina waya da tulun shayi. Muhibba ta durƙusa a gaban wayar, kai a ƙasa, ta gaishe ta da Hausarta mai gargada.

"Matso in gan ki, 'yata," in ji tsohuwar. "Masha Allah. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ƙofarku ta zama a buɗe ga baƙo."

Duk shagon suka amsa da amin.