Kifin Rijiyar Inna Marousa

Ranar da Zannis ya fara ganin Danai, amai take kelayawa a gefen kwalekwalensa. Daga Athens ta zo hutu tsibirinmu na Thirasiya, aka zuga ta ta shiga ruwan zafin nan na gindin dutse mai aman wuta. Ta fito farar rigarta ta koma ja, jikinta na warin ruɓaɓɓen ƙwai.

"Wai da gangan mutane ke shiga wannan ƙazantar?" ta tambaya tana yatsina fuska.

"Har layi suke yi, ranki ya daɗe," in ji shi. "Hancinki zai saba."

"Allah ya kiyaye hancina ya saba."

A gidan mahaifiyarsa, Inna Marousa, ta kama ɗaki. Ban taɓa ganin mai ƙyanƙyami irin Danai ba. Kashin jakai a matakala, kifin da ake shanyawa ƙudaje na bi, cukun akuya, komai sai ta toshe hanci. Zannis ne kawai ba ta toshe wa ba, ko da yake shi ma warin dutsen ya kama shi.

Ya rubuta mata: "Gimbiyata, yau sabulu ya ƙare a jikina saboda ke. Ki fito mu ga faɗuwar rana."

Ta amsa: "Ka ƙara da na wanki, maƙaryaci. Ga ni nan."

Mu nan ba kogi ba ƙorama. Ruwan saman da ya sauka lokacin sanyi, shi kowane gida ke tarawa a rijiyar ƙarƙashin tsakar gida, a lallaɓa shi har shekara. Danai ta ga famfon da ke jan ruwan rijiyar, ta ɗauka irin na birni ne. Ta taɓa jaki, wanka. Ta dawo daga teku, wanka da wanki. Flora, 'yar maƙwabta mai mutuwar son Zannis, ta ƙara ingiza ta: "Ki yi wankanki, 'yar'uwa, ruwa ai ba ya ƙarewa."

Ana tsakiyar zafi famfo ya yi tari, ya tofo laka. Inna Marousa ta buɗe murfin rijiya ta kurma ihu. Can ƙasa wani dogon kifi mai siffar maciji na birgima cikin taɓo. Marigayi mijinta ne ya saka shi don ya riƙa cinye ƙwari, kuma duk safiya sai ta ƙwanƙwasa murfin ta gaida kifin.

"Zannis, wannan kake so ka aura?" ta ce tana huci. "Ta ƙyamaci jakanmu, ta ƙyamaci abincinmu, ta shanye mana shekara, yanzu za ta kashe kifin ubanka. In ya mutu, kada na ƙara jin sunanta."

Bakin rijiyar matsattse ne, kafaɗun Zannis suka ƙi shiga. Aka waiwayi Flora, ta ce bayanta ke ciwo. Danai ta leƙa, wari ya buge ta, ta ja da baya.

"Ba dole, rabin raina," Zannis ya raɗa mata.

"Rufe min baki ka ɗaura igiyar."

Taɓon ya kai mata gwiwa, baƙi, mai yauƙi, ga matattun kyankyasai. Ta damƙi kifin ya sulluɓe. Ta sake damƙa ya nannaɗe mata hannu har wuya. Muna jin ta tana kuka tana tsine wa tsibirin gaba ɗaya, amma ba ta saki ba. Aka jawo su tare. Kifin ya faɗa baho ya fara iyo, ita kuma ta faɗa bayan katanga tana amai.

Inna Marousa ta daɗe tana kallon bahon. Sannan ta ɗebo moɗa guda daga tulun shanta ta miƙa mata. "Ungo, 'yata. Ki yi maneji."

Bayan ruwan farko aka ɗaura auren a ƙaramin cocinmu. A al'adarmu tofi uku ake yi wa amarya don maganin kambun baka, kuma yawanci iska kawai ake hurawa. Inna Marousa ba ta yarda da iska ba. Ta riƙe fuskar Danai da hannu biyu, ta gyara murya, ta yi na gaske.

Zannis ya zaro hankici da sauri, Danai ta riƙe masa hannu, idonta a runtse, yawu na gangaro mata a kumatu.

"Bar shi," ta ce haƙora a cije. "Inna, saura biyu."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.