Littafin da Ba a Fita da Shi

Ranar da Hawwa'u ta fara sa ƙafa a ɗakin karatu na Dutsin-Ma, Malam Bilya na zaune shi kaɗai yana korar ƙuda da tsohuwar jarida. Haka yake wuni kullum. Ya yi shara, ya kakkaɓe littattafai, ya jera benci, sannan ya zauna jiran masu karatun da ba sa zuwa sai jefi-jefi. Da yamma ya kulle, ya koma ɗakin da yake haya a bayan kasuwa, ya ci tuwon saye. Ko mai ce masa sannu da zuwa babu.

Sai ga sallama da muryar mace. Ya zabura har ya ture kujera.

Budurwa ce doguwa, a bayanta wata dattijuwa da ƙwaryar daddawa a kai.

"Malam, sunana Hawwa'u, ina koyarwa a firamare ta Kurfi. Wannan Gwaggona ce, Fatu. Jarrabawar ƙarin girma zan yi, an ce in yi rubutu kan tarbiyyar yara da al'adun aure na ƙasar nan. Wai akwai littattafai a wurinka."

Akwai kuwa. Ya buɗe kabad ya fito mata da ƙamus, da rahotannin makarantu, da wani ƙaton kundi na al'adun mutanen Arewa. Ya jera su a gabanta.

Ta dudduba, ta rungume kundin. "Wannan zan tafi da shi."

"Ayya, Malama. Kin ga jan fentin nan da ke ƙeyarsa? Duk mai jan fenti a nan ake karanta shi, ba a fita da shi."

Gwaggo Fatu ta riƙe haɓa. "Yo littafi ne ko amarya, da za a ce ba ya fita?"

Hawwa'u ta yi dariya, Bilya kuwa tun daga lokacin ya san ya shiga uku.

Sai ya zama duk ranar kasuwa suna biyo motar hatsi su zo. Gwaggo ta baje daddawarta a bakin ƙofa, Hawwa'u ta zauna ta yi ta karatu, Bilya yana nemo mata shafi tun kafin ta tambaya.

"Malamina, kai ba ka gajiya da zama kai kaɗai?" ta tambaye shi wata rana.

"Da ban san kaɗaici nake yi ba, Kulu. Sai da kika fara zuwa kina tafiya na sani."

Ta sunkuyar da kai, ta daɗe a shafi ɗaya ba ta juya ba.

To, ka san abin duniya ba ya ɓuya. Akwai wani Mamuda, ɗan abokin cinikin mahaifinta, wanda ya daɗe yana sonta tana kauce masa. Shi ya kai wa mahaifin nata, Alhaji Tukur, labari, har da ƙarin gishiri. Alhaji ya hana ta zuwa, ya wanke ƙafa ya zo Dutsin-Ma da kansa.

"Kai ne mai littafin? Ba ni shi in kai mata gida, a huta da surutun mutane."

Bilya ya durƙusa. "Alhaji, ka gafarce ni. Amana aka ba ni, ba a fita da shi."

"Ni kake hanawa? Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, Alhaji. Amma in ka yarda, zan riƙa haddace abin da take buƙata, in zo in karanta mata a zaure."

Alhaji ya ƙare masa kallo. "Namijin da ke zama zaurena yana magana da ɗiyata, mai nema ne. Nema kake?"

"Nema nake, Alhaji."

"To ɗan wa kake? Turo magabatanka."

Bilya ya dubi ƙasa. Da ƙyar ya faɗi abin da ya sani: uwarsa ta zo da shi goye daga wajen Kutawa, ta rasu bai yi wayo ba, malamin da ya riƙe shi ya sa shi makaranta, shi ma ya riga mu gidan gaskiya.

Alhaji ya girgiza kai. "Allah ya jiƙansu. Amma ba na ba da ɗiyata inda ba ni da wanda zan kai wa ƙara. Karatun ka zo ka yi, yayata Fatu na zaune. Ranar da aka gama jarrabawa, kada in ƙara ganin kekenka a ƙofata."

Duk Juma'a Bilya ya hau keke sai Kurfi, yana tafe yana tilawa kamar mai shirin sauka. A zaure ya zauna nesa, ya yi ta zubo karatu: yadda ake yaye, yadda ake kai gaisuwar uwa da uba, yadda dattawan ango ke zuwa neman aure. In ya zo wannan wurin sai ya yi sauri ya wuce shi. Hawwa'u na rubutawa, idonta fal da hawaye. Alhaji kuwa, wai shi ba ruwansa, amma kullum tabarmarsa na bayan ƙofar zauren.

Aka yi jarrabawa, Bilya ya cika alkawari, ya ɗauke ƙafa.

Wayyo, zaman da ya yi bayan nan! Ya bi kundin nan daga bango zuwa bango yana neman danginsa. Akwai sunayen garuruwa da zuriyoyi da sarakuna, amma ba wanda ya rubuta labarin wata baƙuwa mai goyo. Ya ɗauki hutu ya tafi Kutawa, ya bi tsofaffi gida-gida. Kowa sai ya ce, "Allah sarki, ba mu tuna ba."

Mamuda ya samu abin faɗa: wai Bilya ya tafi ƙauye ɗauko amarya. Gwaggo ta zo kasuwa da 'yar takarda ƙulle a bakin zani.

"Malamina, na ci jarrabawa, amma ban yi murna ba. An ce ka tafi neman aure Kutawa. In gaskiya ne, Allah ya sa alheri. In ƙarya ne, me ya sa ka bar ni ina jin labarinka a bakin maƙiya? Taka, Kulu."

Ya rubuta amsa Gwaggo na tsaye.

"Kuluna, dangi na je nema, ba mata ba. Ban samu kowa ba. Ba ni da wanda zan turo. Ki bi maganar Alhaji, ni dai ke nake so har in mutu."

Gwaggo ta dubi yadda ya rame, ta ƙulle takardar. Tana isa gida ta wuce turakar ƙanenta.

"Tukur, kai dai ka ji kunya! Yaron da ya kalli tsabar idonka ya hana ka kayan amana, alhali ɗiyarka yake so, shi zai wulaƙanta maka ita? Ka ce kada ya dawo, ya dawo? Yarinya na nan tana ƙarewa a tsaye, kai kuma duk Juma'a kana shimfiɗa tabarma bayan ƙofa, ka ɗauka ban gani ba?"

Alhaji ya kwana yana juya maganar. Bayan girbi sai ga aikensa Dutsin-Ma: ya amince, an sa rana.

Bilya ya yi murna, ya kuma shiga damuwa, don har yanzu ba shi da wanda zai karɓa masa aure. Ran ɗaurin aure ƙofar gidan Alhaji ta cika maƙil. Ɓangaren amarya ba masaka tsinke. Tabarmar da aka shimfiɗa wa dangin ango kuwa, Bilya ne kaɗai a kai, kansa a ƙasa. Mutanen Mamuda na gefe suna zunɗe.

Liman ya gyara murya. "Ina waliyyin ango?"

Ba wanda ya miƙe. Bilya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai Alhaji Tukur ya miƙe, ya dafa kafaɗar ƙanensa. "Ɗanmusa, kai za ka ba da Hawwa'u." Ya ɗauki takalmansa, ya ratsa jama'a, ya zo ya zauna kusa da Bilya.

"Malam Liman, ga ni. Ni ne uban yaron nan. Wanda duk ke da ƙara a kansa, ya kawo mini."

Aka ɗauki kabbara. Bilya ya kifa fuska a hannun rigarsa yana kuka kamar ƙaramin yaro, Alhaji na bubbuga bayansa yana cewa, "Haba ɗana, a gaban mutane?"

Aka shafa fatiha, guɗar Gwaggo Fatu ta tashi daga cikin gida. Allah ya ba su zaman lafiya, ya cika musu gida da zuriya mai albarka.